Loving: Gundumar Amurka da ƙuri'unta suka fi mazaunanta yawa

A ƙidayar jama'a da aka yi a Amurka a watan Afrilun 2020, mutum 64 kacal aka samu a gundumar Loving da ke yammacin jihar Texas. Wata bakwai bayan haka, a zaɓen shugaban ƙasa, ƙuri'a 66 aka ƙirga a wannan gunduma, alhali cikin mazaunan akwai yaran da ba su isa zaɓe ba.

Wannan ɗan bambanci shi ne babbar matsalar Loving. Gundumar tana da 'yancin kanta, tana da kuɗin da ya fi ƙarfin buƙatunta, amma har yau ana jayayya a kan tambaya ta farko da kowace ƙaramar hukuma ya kamata ta amsa: su wane ne mutanenta? Matuƙar waɗanda ke yanke shawara ba a wurin suke kwana ba, 'yanci da kuɗi ba za su haifar da mulki nagari ba.

Fili mai yawa, ruwa kaɗan

Texas ta kasu gida 254, kuma kowane kaso ana kiransa gunduma, wato kwatankwacin ƙaramar hukuma. Mafi yawan jama'a ita ce Harris, inda birnin Houston yake, mai mutum sama da miliyan 4.7. Loving ce ta ƙarshe, ba a Texas kaɗai ba, a duk faɗin Amurka.

Girmanta ya kai murabba'in kilomita 1,750, kusan rabin jihar Legas. Da za a raba filin tsakanin mazauna, kowa zai tashi da murabba'in kilomita 27. Daga arewa ta yi iyaka da jihar New Mexico, daga gabas da gundumar Winkler, sannan kogin Pecos ya raba ta da gundumar Reeves ta yamma da kudu.

Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a gefen hamada, sai ƙaya da gajerun itatuwa. Ruwan saman da ake samu a shekara bai wuce milimita 300 ba, ruwan kogin Pecos kuma gishiri ya yi masa yawa. Shekaru da dama mazauna sun yi suna jigilar ruwan sha a tanka daga maƙwabta. Gari ɗaya tak ke cikinta, Mentone, kuma nan ne hedikwata.

Ba a taɓa samun cunkoso a nan ba. Adadi mafi yawa da ƙidaya ta taɓa nunawa shi ne 285, a 1940. Ya sauko zuwa 164 a 1970, 67 a 2000, ya ɗan hau zuwa 82 a 2010, ya sake faɗowa.

Da rigimar sunaye aka fara

An yanko gundumar a 1887, aka sa mata sunan Oliver Loving, wani fitaccen mai fataucin shanu da ya rasu a 1867 sakamakon raunin da ya samu a wata arangama da mayaƙan ƙabilar Comanche a bakin kogin Pecos.

Ƙidayar 1890 mutum uku ta samu a yankin. Amma a 1893 wasu masu kamfanin noman rani suka gabatar da takardar koke mai sa hannun mutum 150, suna neman a kafa hukuma. Aka kafa, suka raba muƙamai a tsakaninsu, suka tara kuɗi, daga baya suka ɓace. A 1897 majalisar dokokin Texas ta rushe hukumar, ta mayar da harkokin yankin hannun gundumar Reeves. Sai a 1931, bayan an gano man fetur mutane sun fara zuwa, aka sake kafa ta.

Ke nan tun farkon fari, wanda ya iya ƙirƙiro mazauna a takarda shi ke mallakar baitulmali. Sama da shekara 130 ke nan, salon ya sauya amma cutar tana nan.

Kujeru da yawa, mutane kaɗan

Tsarin mulkin Texas bai bambanta babbar gunduma da ƙarama ba. Kowacce tana da majalisa mai mutum biyar: shugaba, wanda ake kira alƙalin gunduma ko da ba lauya ba ne, da kwamishinoni huɗu, kowanne daga mazaɓarsa. Wa'adinsu shekara huɗu. Su ke tsara kasafi, su ƙayyade haraji, su kula da hanyoyin karkara. Bayan su akwai sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, da magatakarda, da ma'aji, da alƙalin ƙaramar kotu, duk ta hanyar zaɓe.

A 1968 Kotun Ƙolin Amurka, a wata shari'a da ta taso daga gundumar Midland ta yammacin Texas, ta ce dole mazaɓun kwamishinoni su kasance kusan daidai a yawan jama'a. A Loving, ma'anar wannan ita ce kowane kwamishina na wakiltar kimanin mutum 16. Gida biyu ko uku sun isa su ɗora mutum a kujera, ko su sauke shi.

Da talauci ake fama da shi, da babu mai damuwa da waɗannan kujeru. Amma Loving tana zaune a kan yankin Permian, inda aka fi haƙo mai a Amurka. Texas ba ta karɓar harajin albashi, gundumomi kuma da harajin kadara suke rayuwa, wanda ya haɗa da rijiyoyin mai da bututu da arzikin da ke ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka mutum biyar ke zama su raba kasafin miliyoyin daloli a madadin jama'ar da babbar motar safa ɗaya za ta kwashe.

Ina ne gida?

Ƙofar da ake bi ita ce ma'anar kalmar mazauni. A dokar zaɓen Texas, mazaunin mutum shi ne wurin da ya ɗauka gidansa, wanda yake da niyyar komawa bayan ya yi tafiya ta ɗan lokaci. Niyya kuwa a zuci take. Mutum zai iya shafe shekaru yana aiki a Odessa ko Lubbock, 'ya'yansa na makaranta a can, amma rajistarsa ta zaɓe na wani tsohon gida ko ɗakin tirela a gonar kakansa da ke Loving.

Shi ya sa masu rajista suka daɗe da fin mazauna yawa, kuma manyan iyalan yankin ke yawan gurfanar da juna a kotu bayan zaɓe. A 2022 abin ya kai ga tsare mutum huɗu da suka amsa kiran zaman masu taya alƙali yanke hukunci, bisa hujjar cewa ba mazauna gundumar ba ne.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da abin faɗa. Filin nasu ne tun kaka da kakanni, suna biyan haraji a kansa, kuma rashin gidaje da makaranta da asibiti ne ya kore su. Tun 1972 aka haɗe makarantar gundumar da ta garin Wink, yara sai sun yi tafiyar kusan kilomita 50 kafin su isa aji. Wace uwa ce za ta zaɓi haka?

Sai dai hujjar tana cin kanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ɗansa ke karatu a birni, asibiti na bayan gidansa, famfonsa na zuba, ba zai ɗauki ruwa da gidaje da motar ɗaukar marasa lafiya a matsayin abin gaggawa ba. Abin da zai fi damunsa shi ne ɗan'uwansa ya ci gaba da riƙe kujera. Rashin abubuwan more rayuwa ya kori mutane, ƙuri'ar waɗanda suka tafi kuma ta hana a matsa lamba a samar da su. Mallakar fili tana ba mutum haƙƙin kotu ta kare dukiyarsa, ba ta ba shi haƙƙin zaɓa wa wasu shugaba.

Akwai kuma ɓangare na uku da ba a jin muryarsa. Kowace rana dubban ma'aikatan mai da direbobin manyan motoci ke ratsa gundumar ta babbar hanya mai lamba 302. Guminsu ke cika asusun, su ke fuskantar hatsarin hanya, amma a wasu wurare suke zaɓe.

Rushewa ko gyara?

Wasu na ganin a haɗe Loving da maƙwabciyarta a huta. Wannan ba magani ba ne. Zai mayar da kuɗin mai zuwa wani gari, ya bar 'yan tsirarun da suka jure zama a wurin ba su da ofishin da za su kai kuka. Hukumar da ke kusa tana da amfani: a Mentone kowa ya san shugaba da sunansa, ya san motarsa.

Gyaran da ake buƙata a fili yake. Ƙuri'a ta bi inda mutum yake kwana a zahiri, wata hukuma daga waje ta riƙa tantance rajista da binciken asusu, sannan a zuba kuɗin a gidaje da ruwa domin masu son dawowa su samu wurin zama.

Labarin bai yi nisa da Najeriya ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓu ne kaɗai za su jagorance su. Mataki ne mai kyau. Amma Loving ta daɗe da samun abin da ake nema, kuɗinta ba ya bi ta hannun gwamna, shugabanninta zaɓaɓɓu ne, kuma hakan bai wadatar ba. Idan ciyaman a babban birnin jiha yake kwana, masu faɗa a ji kuma sai ranar zaɓe ake ganinsu a ƙauye, kuɗin zai iso, amma ba lallai ya tarar da mai tambayar inda ya tafi ba.