Zuma ta shiga shago: wa ke da izinin fidda ta?

A jihar Kaliforniya ta ƙasar Amurka, doka ta raba mutum biyu da mu nan muke ɗauka ɗaya: mai kwashe ƙudan zuma da mai kashe su. Wanda zai ciro zuma da ranta daga bango ko rufin gida ya mai da ta amya, bai fesa komi ba, ba a tambayarsa takardar izinin masu feshin ƙwari. Da zarar ya ɗauko magani kuwa, aikin ya fita hannunsa, sai wanda ya ci jarrabawa hukuma ta ba shi takarda.

Ba don zumarsu mai sanyin hali ce ba. A 1956 aka kai zumar Afirka ƙasar Brazil, ta kuɓuce a 1957, ta yi ta yaɗuwa har ta shiga Kaliforniya a 1994. Ƴar uwar tamu ce, kuma duk wanda ta taɓa kora daga gindin kuka ya san zafinta. Duk da haka, guba suka sa wa takunkumi, suka bar mai amya ya yi aikinsa.

To, mu fa? Zuma ta sauka a shago ko rumfar mai sai da dabino, maganar ɗaya ce: a kawo wuta, ko a aiki yaro ya sayo fiya-fiya. Alhali Nijar tana da dokar kare tsirrai ta 2015, kuma akwai kwamitin ƙasashen Sahel da ke tantance magungunan ƙwari kafin su shiga kasuwa. Amma ga fiya-fiya nan cikin kwalba ba suna, ba awo, kusa da buhun gero. Ƴan kasuwar wake ba su manta ba: irin wannan guba ce ta sa Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga waken Najeriya a 2015.

Abin da ya fi damunmu shi ne saƙar da ta rage bayan feshi. Ba a zubar da ita. Wani zai tatse, ya ɗura a kwalba, ta bi ta hannun baiwar Allah mai sai da zuma wadda ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Yaro ya sha ya kwanta, sunanta ne ya ɓaci.

A ganinmu, kada a ɗora wa mai amya na Madarumfa ko Magariya wata takarda ko haraji. Hayaƙi da ƙwarya ne kayan aikinsa. Shugabannin kasuwa su san inda ake samunsa, su kira shi kafin wani ya ruga wurin mai fiya-fiya. Jami'an kare tsirrai kuma su fara da teburin mai sai da maganin.