Magana A Kan Wasan Tsoho Mai Rina Gemu

Ya ku malamai da fatake, ga wani ɗan gajeren wasan ban dariya da wani saurayi ya rubuta domin a ɗauka a fim, ya nemi a duba masa. Labarin wani tsohon attajiri ne ɗan shekara 70, wanda ya rina gemunsa da baƙi ya tafi neman auren budurwa, alhali uwargidansa na ɗaki, sun shekara 40 tare.

Ban ga laifi ga yin wasa da tsufa ba, gadonmu ne. Yara suna tashen Tsoho Da Gemu cikin watan azumi, da gemun auduga da sanda. Kaka yakan kira jikanyarsa amarya, ita kuwa ta ce ba ta son mai furfura, a yi dariya a watse. Har Tirmizi ya kawo cikin Shama'il yadda Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa wata tsohuwa raha a kan shiga Aljanna, sa'an nan ya faranta mata rai.

Inda na tsaya shi ne abin da ake yi wa dariyar. Fiye da rabin wasan giɓi ne, da tari, da kurumta, da tuntuɓe. Waɗannan hukuncin Allah ne, tsohon bai aikata su ba, kuma duk wanda ya yi tsawon rai zai iske su. Aya ta 11 cikin Suratul Hujurat ta hana izgili da mutane, balle dattijo.

Abin dariya na halal yana nan cikin wasan, marubucin ya wuce shi da gudu, watau rinin gemun. Mai Risala ya ce rina gashi da baƙi makaruhi ne, lalle kuwa babu laifi gare shi. Masu sharhi suka ƙara cewa idan don a ruɗi matar da ake nema ne, to ya haramta. Ku fatake kun san sunan wannan a kasuwa, algushu ke nan, tsaba a bakin buhu, tsakuwa a gindi. A bar hadari ya tarar da shi a zauren surukai, ya fito ruwa ya sauko, baƙin ya zubo bisa farar rigarsa gaban waliyyin yarinya. Nan kowa zai dara, kuma da hannunsa ya jawo. Haka Shu'aibu Maƙarfi ya yi cikin Jatau Na Kyallu, attajirin Kano ya ƙi jin shawara ya auri Kyallu, zaɓinsa ne ya kā da shi.

Sa'an nan an zalunci uwargida, an ba ta kuka an hana ta magana. Macen da ta shekara 40 da namiji ta san inda yake ɓoye kwalbar rini, ta san ko shekarunsa nawa ranar da aka kawo ta. Ita ce ta fi kowa abin faɗi, kuma bakin tsohuwar Bahaushiya wajen habaici bai bukatar taimako. Budurwar ma ba wanda ya tambaye ta ko tana so, a gyara wannan.

Wurin da yara ke bin tsohon da ature a kan hanya kuwa, a soke shi ɗungum, zama 'ya'yanmu za su kalla, kuma akwai tsofaffi a kowace unguwa.