Gwale-gwalen Bariki da Samarin Ƙasar Ƙanƙara

Tun daga daren 11 ga Disamba, 2020, sa'ad da 'yan bindiga suka auka wa Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai daji, har aka karɓo 344 bayan kwana shida, zancen ɗaukar kaki ya shiga bakin samarin wannan yanki. Waɗansu suna neman shiga soja, watau su tafi Daffo ta Zariya, inda ake horad da kurata tun 1924, su yi wata shida. Waɗansu kuwa sun shiga rundunar tsaron al'umma wadda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar cikin watan Oktoba, 2023, da mutum fiye da 1,400 daga ƙananan hukumomi takwas, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ko wace hanya yaro ya bi, ƙofa ɗaya ce zai shiga, ita ce ƙofar wahala. Malaman makaranta su ke koya wa yaran nan, akawunan ƙaramar hukuma su ke rubuta musu takardar shaidar asali, saboda haka da su mu ke magana yau.

Yaro ya ga soja a kan mota, kakinsa a guge, bindiga a kafaɗa, sai ya yi sha'awa. Ba wanda ya gaya masa abin da a ke sha kafin a kai nan. A tashe shi tun kafin kiran assalatu, ya yi gudu, ya yi fareti cikin rana, barci kuwa sai abin da ya sata. In ya yi latti, ko takalminsa bai yi ƙyalli ba, ko ya juya hagu an ce dama, sai gwale-gwale: tsallen kwaɗo, birgima cikin taɓo, ɗaga bindiga bisa kai yana gudu har hannuwa su mutu. Sau da yawa ma mutum ɗaya ya yi laifin, a hori ɗakin duka.

Ba mu cikin masu cewa a daina wannan. Barikin da Daffo ta ke ciki sunansa Chindit, don tunawa da rundunar da sojojin Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a dazuzzukan Bama cikin 1944, inda mutum ya kan yi tafiyar kwanaki da kaya a kansa, ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga abokan gaba. Wanda za a aika dajin Rugu, ko dazuzzukan iyakar Sabuwa da Birnin Gwari, ba shi da bambanci da waɗancan mazan jiya sai na zamani. Kadan bai saba da bin umurni yana cikin gajiya ba, ran da wuta ta buɗe sai ya watse, ya jawo wa 'yan'uwansa. Horon da a ke yi wa ɗaki duka kuwa, ko da ya ke da ciwo, shi ke koya wa ɗan Faskari cewa ransa yana hannun ɗan Kalaba da ke kwance kusa da shi.

To, ƙaƙa yaro zai jure? Abu na fari shi ne ya san tsawar saje da kofur aiki ce, ba ƙiyayya ba. Sun yi wa dubbai kafinsa, za su yi wa na bayansa, kuma su ma an yi musu. Wanda ya ɗauki zagin a zuciya ya kan gaji tun jikinsa bai gaji ba. Kada ya zauna lissafin watanni, ya lissafa daga wannan abinci zuwa na gaba. Ya cinye abin da aka zuba masa ko bai yi masa daɗi ba, ya kwanta da zarar an ba da izini maimakon hira, ya wanke ƙafafunsa ya shanya safa, gama ƙafa ce dokin sojan ƙasa. Ya sami aboki su riƙa duban juna. Ya riƙe salla.

Amma fa akwai gajiya, akwai kuma wani abu dabam mai kama da gajiya, wanda shi ke kisa. Nan ne mu ke so malamai su buɗe kunne. Mutum in yana aiki cikin zafi, kamar na watan Afrilu da ya kan haura digiri 40 a ƙasar Katsina, jikinsa yana iya kasa fid da zafin. Sai ya fara tangaɗi, ya ruɗe, ya riƙa surutai ko taurin kai wanda ba halinsa ba ne. Saje marar sani sai ya ɗauka raini ne ya ƙara masa horo, alhali kuwa abin da ya ke bukata inuwa ce, a tuɓe masa kaya, a kwarara masa ruwan sanyi nan take, a kira likita. Haka kuma wanda aka sa tsallen kwaɗo har ya wuce kima, naman cinyarsa ya kan lalace ya zuba cikin jini, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, daga nan ƙoda ta tsaya. Kurtun da ya ga fitsarinsa haka, asibiti zai nufa, ba wata jarunta cikin ɓoyewa.

Ƙasashen da suka riga mu sun koyi wannan da hawaye. Ran 8 ga Afrilu, 1956, a sansanin Parris Island na Amurka, wani saje ya kora kuratansa cikin fadama da dare don ya hore su, shida suka nutse. Aka gurfanad da shi gaban kotun soja, aka kuma sake tsarin horon, aka sa hafsoshi su riƙa sa ido. A Ingila, cikin 2006, wani soja mai suna Gavin Williams, ɗan shekara 22, ya mutu da bugun zafi bayan an yi masa gwale-gwale a barikin Tidworth ran da a ke zafi ƙwarai. In rana ta yi haka a Ingila, ina ga Zariya da bazara?

Har wa yau akwai zancen jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da rabin sikila, wanda a ke kira AS. Lafiyarsa lau, yana noma yana ƙwallo. Amma binciken likitocin Amurka na 1987 ya nuna irin waɗannan kurata sun fi saura faɗuwa matattu wajen horo. Wani binciken na 2016, bayan an tsare dokokin ruwa da hutu, ya tarar mutuwarsu ba ta fi ta kowa ba, ko da ya ke lalacewar nama ta fi kama su. Ashe ba hana su aiki ne magani ba, kula ce.

Saboda haka muna roƙon malaman makarantu su daina mai da darasin motsa jiki lokacin shara da ɗiban ruwa. Yaron da ya nuna sha'awar kaki a sa shi gudu da tafiyar ƙasa wata uku kafin ya tafi, a hankali a hankali, gama jiki ya kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, ƙashi kuwa ya fi haka daɗewa. Akawu kuma, kafin ya miƙa takardar shaida, me zai rage masa in ya tambayi yaro ko ya auna jininsa a babban asibitin Ƙanƙara ko na Funtuwa?

Ga hukuma, musamman Gwamnatin Jiha wadda horon rundunar tsaron al'umma ke hannunta, roƙonmu shi ne a rubuta iyakar gwale-gwale a takarda: minti nawa, wane lokaci na yini, wa ke da ikon sa shi. Kada a hana kurtu ruwa da sunan horo. A ajiye ma'aikacin lafiya da ganga ta ruwa a bakin fili duk sa'ad da a ke atisaye. Waɗannan samari, ba kamar soja ba, garuruwansu a ke mai da su da makami a hannu, kuma wanda aka wulakanta a sansani ba dalili ya kan zo ya sauke a kan talaka ran kasuwar Sheme.