Ana Ga Yaƙi, Suna Ga Ƙura

'Yan'uwa marubuta, akwai wata kalma da 'yan kasuwar wasannin kwamfuta suka ɗauke mana ba ko sallama, kuma ya kamata mu bi sawunta tun sawun bai ɓace ba. Kalmar ita ce "gaskiya". Duk wasan da aka shirya a kan wani yaƙi na tarihi, sai ka ji ana tallarsa da cewa wai yaƙi ne tamkar na gaske, wanda duk ya yi shi kamar ya halarci fagen fama ne. Mu kuwa mun ce ba mu yarda ba, kuma ga dalilanmu.

Domin amfanin waɗanda ba su san abin ba, irin wasan da muke nufi shi ne wanda ake ba ka runduna a fuskar kwamfuta, kana hangen ta daga sama, kana ba ta umarni, abokin gaba shi ma yana ba tasa a lokaci guda, babu mai jiran wani kamar yadda ake yi a dara. Close Combat ya fito a 1996, Age of Empires a 1997, Sudden Strike a 2000, sannan Company of Heroes, wanda kamfanin Relic na Kanada ya yi, ya fito a 2006, na biyunsa a 2013, na uku a 2023. In ban da Age of Empires, duk a kan Yaƙin Duniya na Biyu aka gina su, wato wanda kakanninmu suke kira yaƙin Hitila.

Ba za mu hana su haƙƙinsu ba, masu shirya wasannin nan sun yi bincike. Sun san cewa kaurin sulken gaban tankar Jamus mai suna Tiger ya kai milimita 100, don haka in ka fuskance ta gaba da gaba harsashinka zai tashi a banza, sai ka zagaya ta gefe ko ta baya. Sun san cewa sojan da bindiga mai jigida ta danne kwanciya yake yi, ba ya iya motsi. A Close Combat har tsoro aka saka wa sojoji, ta yadda in wuta ta yi wuta sai su ƙi bin umarninka, wasu su ranta a na kare. Wannan duk gaskiya ne, amma gaskiyar ƙarfe ce da albarushi. To ina gaskiyar mutane?

Ku dubi Normandi ta ƙasar Faransa, inda wasan Company of Heroes na farko ya kai mu. Ga gidaje, ga coci, ga gonaki da shinge, komai tsaf, amma da wuya ka ga mai gida. Gida a wurin mai wasa mafaka ce kawai ta ɓoye maharba, in abokin gaba ya riga shi shiga sai ya rushe shi da igwa, hankalinsa kwance. Alhali kuwa a yaƙin Normandi na 1944 farar hular Faransa kimanin 20,000 ne suka rasa rayukansu, da yawansu a ƙarƙashin bama-baman waɗanda suka zo 'yantar da su, birnin Kan kuma aka mayar da mafi yawansa kufai. Yaƙin nan gaba ɗaya ya ci rai fiye da miliyan 60, kuma farar hula sun fi sojoji yawa a cikin mamatan. Wanda ya zana maka yaƙi ya share mafi yawan gawawwakinsa, ya zana kasuwa ne ba masu ciniki.

Ko sojan ma da aka bari, me aka mayar da shi? A Company of Heroes abubuwa uku ake tarawa: man fetur, harsashi, da mutane. Na'am, mutane! Lamba ce a gefen allo tana hawa tana sauka. In aka kashe maka uku daga cikin 'yan ayarinka, sai ka janye sauran, ka biya daga wannan lamba, nan take wasu ukun su fito su cike gurbi. Ba su da suna, ba su da uwa, babu wadda za ta yi musu takaba. In kuma ranar ta ɓaci gaba ɗaya, ka danna maɓalli ka koma farko. Birnin Leningirad ya yi kwana 872 a cikin ƙawanya daga 1941 zuwa 1944, yunwa ta kashe dubban ɗaruruwan mazauna cikinsa. Wane maɓalli suka samu suka danna?

Abin da ya fi damun mu shi ne mazaunin da ake ba mai wasa. Kullum a sama yake kamar shaho, yana kallon 'yan tsaki. Ba ya jin ƙishirwa, ba ya jin warin rauni, kuma ya fi kowane janar na gaske sanin inda mutanensa suke. Yaron da ya shafe ɗaruruwan sa'o'i a wannan kujera darasi guda ya haddace, cewa yaƙi lissafi ne, mai wayo ke ci, asara kuma ana mayar da ita. Mu da muke tsayawa gaban allo da alli mun san cewa abin da yaro ya yi da hannunsa ya fi zama a kansa bisa abin da aka karanta masa. Minti arba'in na darasin tarihi ba ya ja da daren Asabar guda.

Za a ce mana ai wasa ne, wasa kuma ba ya hana hankali. To in wasa ne kawai, me ya sa Rashawa suka tayar da jijiyar wuya a 2013? Company of Heroes 2 ya nuna rundunar Tarayyar Sobiyet tana harbin sojojinta masu ja da baya, bisa umarni mai lamba 227 da Sitalin ya bayar a Yulin 1942. Umarnin ya faru, amma Rashawa da yawa suka ce an mayar da shi tamkar shi ne dukan labarin ƙasar da ta rasa mutum kusan miliyan 27, har kamfanin da ke rarraba wasan a can ya dakatar da sayar da shi. Ba shari'a muka zo yankewa tsakaninsu ba. Abin lura shi ne su sun gane cewa wanda ya shirya wasa ya rubuta tarihi, domin shi ya zaɓi abin da za a gani da abin da za a binne.

Haka kuma ku lura da yadda ake gabatar da rundunar Jamus ga mai son ya yi wasa da ita: kaki mai kyau, tankoki masu ban sha'awa, an cire alamar 'yan Nazi an sa gicciyen soja. An wanke ta tas! Babu abin da zai tuna maka kwarin Babi Yar da ke kusa da birnin Kiyef, inda aka harbe Yahudawa fiye da 33,000 cikin kwana biyu a Satumban 1941, bayan wannan runduna ta kama birnin. A wasa na uku, inda ake bin Romel a hamadar Arewacin Afirka, an saka labarin wani iyalin Yahudawan Libiya tsakanin faɗa da faɗa. Madalla da wannan, sai dai da zarar an koma fage, hamadar ta sake zama fili fetal, maki kuma na wanda ya fi ɓarna ne.

Kada wani ya ce wannan rigimar Turawa ce, ba ruwanmu. A 2021 aka ƙara Hausawa a cikin Age of Empires III, da Sarauniya Amina a matsayin jagora, da Kano a matsayin babban birni, da mahaya 'yan lifidi, da maharban Fulani. Matasanmu da suka gani sun yi murna, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin kowa yana son a ambaci gidansu. Amma mu tambayi kanmu, yaro a Birazil ko Koriya da bai taɓa jin sunan Hausa ba sai a nan, me ya sani game da mu in ba doki da mashi ba? Talakan da ke cikin wasan kuwa aikinsa saran itace da noma, kuma kai masa hari a gona dabara ce ta cin nasara.

Sannan inda ya kamata a gan mu, ba a gan mu ba. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a dazukan Bama tsakanin 1943 da 1945, suna ɗauke da kaya a ka a inda mota ba ta shiga, da Hausa kuma yawancin na Nijeriya suke magana a bariki. Duk jerin Company of Heroes uku babu fagen Bama a ciki, balle su.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma mu marubuta ne muka bar tsagar. Tun 1934 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nuna mana hanya a Shaihu Umar, inda muka ga hari da bauta ta idon yaron da aka sace da uwar da ta bi sawunsa har ƙetaren hamada. Sa'adu Zungur ya yi wa sojan da suka dawo waƙar maraba. Bature Gagare ya nuna mana a Ƙarshen Alewa Ƙasa abin da yaƙin basasa ya bari a zuciyar wanda ya yi shi. Amma labarin yaron da ya je Bama, sai da Biyi Bandele ya rubuta shi da Turanci a 2007. Tsofaffin da suka je sun kusa ƙarewa, da yawa sun tafi da labarinsu a ciki. Ina namu littafin a kan matar da aka bari da goyo a 1943? Ina labarin Burmi ta 1903 daga bakin mai ɗaukar wa mayaƙa ruwa, ko na Satiru ta 1906 daga bakin yarinyar da ta tsira?

Ba muna kira a hana yara wasa ba ne, hani ba ya kashe kwaɗayi, kuma in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Kiranmu biyu ne. Na farko, duk inda muka ji an kira waɗannan wasanni da sunan gaskiya, a aji ne ko a jarida, mu tambaya a fili: gaskiyar wa, kuma ina mutanen garin? Na biyu, mu sauko da alƙalaminmu ƙasa, inda 'yan tsaki suke. Su ma masu shirya wasa an samu waɗanda suka gwada, domin a 2014 wani kamfanin Polan ya fitar da This War of Mine, inda kai farar hula ne mai neman abinci da magani a birnin da aka yi wa ƙawanya, har hukumar ƙasar ta sa shi cikin abubuwan da ɗalibai za su iya nazari. In mai sayar da wasa ya iya haka, wane uzuri ya rage wa mai rubuta labari, wanda ba ya buƙatar komai sai takarda da kunnen sauraren tsofaffi?

Wanda ke da kaka ko kakan da ya ga wani yaƙi, ya je ya zauna gabansa yau, kada ya bari sai gobe. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya sa mu faɗi gaskiya komai ɗacinta, amin.