Lambu ɗaya, amfani goma

A shekarar 2016, tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wanda ya fi ɗanɗana kuɗarsa shi ne wanda ya shuka tumatir zalla, musamman idan da kuɗin bashi ya yi. Duk da haka, har yau idan ɗan boko ya sayi fili a bayan gari, abin da yake fara tambaya shi ne wane amfani ɗaya ne ya fi kawo kuɗi.

Ina ganin lokaci ya yi da za mu dubi tsarin da Turawa ke kira Famakalca, wanda Bill Mollison da David Holmgren suka fitar a littafinsu na 1978 a Ostareliya. Jigonsa shi ne a zauna a tsara gona kafin a sa fartanya. Abin da ke bukatar kulawa kullum, irin su latas da alayyaho da kejin kaji, a sa shi kusa da rijiya. Mangwaro da gwaiba su koma can gefe. Kowane abu ya yi aiki fiye da ɗaya: zogale ya zama shinge kuma a sayar da ganyensa, kashin kaji ya koma kwami, harawar wake ta ciyar da awaki, ruwan sama kuma a tare shi tun daga tudu.

Gaskiya, rabin wannan ilimi namu ne. Manomin karkarar Kano ya daɗe yana haɗa gero da dawa da wake a ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. A Maraɗi, daga 1983, manoma suka riƙa renon tohon kututture a gonakinsu, aikin da ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da baƙin suka ƙara shi ne takarda da awo da lissafi, kuma a nan ne mai ilimin zamani zai yi amfani.

Ba zan ɓoye wahalarsa ba. Irin wannan lambu yana cin hannu, ba ya yiwuwa ta wayar tarho daga ofis. Dillalin kasuwar 'Yan Kaba kuma kwanduna hamsin na kaya iri ɗaya yake so. Don haka mai lambun sai ya nemi masu saye kai tsaye, gidajen abinci da matan aure a unguwanni, ya kuma tsara shuka ta yadda kowane mako akwai abin tsinka. Malaman gona na jihohi su ma ya kamata a koya masu zana taswirar lambu, domin yawancin shawararsu a kan buhun taki da irin shuka ɗaya take tsayawa.