Magajiyar garin Difa da rabon mata

Bayan zaɓen ranar 13 ga Disamba 2020, ƴan majalisar birnin Difa suka ɗora Malama Barmu Asma'u Kanta bisa kujerar magajin gari. Kayan da ta ɗauka ba ƙarami ba ne, domin tun harin Boko Haram na Fabrairu 2015 birnin ya cika da mutanen da suka baro gonakinsu na tattasai a bakin Komadugu.

Dokar kason mata ta 2000 ce ta share mata hanya, wadda aka ƙarfafa a 2019: kashi 25 cikin ɗari a zaɓe, 30 a naɗi. A Afrilu 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙo. Matan Difa na da hujjar ƙidaya nawa ne nasu cikin waɗanda aka naɗa.