DUNIYAR MAWAƘA: Daga duwatsun Birnin Kudu zuwa 'yan Beatles, wa ke cin gajiyar waƙa?

Duk wanda ya taɓa zagaya duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude, ya san ba zanen shanun da mutanen da suka bari a jikin kogo ne kaɗai abin kallo ba. Akwai wasu duwatsu a wurin waɗanda in aka ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, kowane gefe da irin muryarsa. Jikinsu duk ya lotsa saboda yawan bugu. A 1955 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya je ya saurare su, a 1956 ya buga labarinsu, duniya ta ji.

To amma su wane ne makaɗan da suka lotsa duwatsun nan? Sunansu ya bi iska. An san wanda ya rubuta, an manta wanda ya kaɗa. Wannan ne ya sa filin namu na wannan wata ya waiwayi wasu mawaƙan Ingila na shekarun 1960, domin labarinsu ya shafi duk wani yaro da ke tasowa daga Gwaram ko Birnin Kudu da littafin waƙa a aljihu. Abin dariya ma, kiɗan nasu ana ce masa rok, kalmar da a Turanci take nufin dutse, ko da yake a fagen kiɗa rangaji ake nufi da ita.

Manyan wannan zamani su ne 'yan Beatles, samari huɗu daga birnin Liverpool: John Lennon, Paul McCartney, George Harrison da Ringo Starr. Ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne. Sun fara ne da kwaikwayon waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka irin su Chuck Berry da Little Richard, kafin su fitar da faifansu na farko, 'Love Me Do', a watan Oktoba na 1962. Kafin a ce kwabo, 'yan mata sun soma suma a wurin wasansu. Sun rabu a 1970, wato shekara takwas kacal suka yi suna fitar da faifai tare.

'Yan fim za su so jin wannan: su ma Beatles ɗin sun yi finafinai masu waƙa. Sun yi 'A Hard Day's Night' a 1964, suka yi 'Help!' a 1965. A wajen ɗaukar na biyun ne George Harrison ya ci karo da sitar, molon nan na Indiyawa, ya kamu da sonsa, ya saka shi a waƙarsu 'Norwegian Wood' a shekarar, daga baya ya je ya ɗauki darasi wajen gwanin sitar Ravi Shankar. Ashe dai ba a Kano aka fara leƙen Indiya ba! Bambancin shi ne, shi ya zauna ya koya, kuma bai ɓoye sunan malaminsa ba.

Wasunsu ma har Nijeriya suka biyo kiɗa. Ginger Baker, mai ganga na ƙungiyar Cream wadda ya yi da Eric Clapton da Jack Bruce daga 1966 zuwa 1968, ya ratso hamadar Sahara a mota a 1971 ya nufi Legas, aka ɗauki tafiyar a fim mai suna 'Ginger Baker in Africa'. Ya yi faifai da Fela Kuti a wannan shekarar, sannan ya buɗe situdiyo a Ikeja a 1973. A 1973 ɗin ne shi ma McCartney ya sauka Legas, ya ɗauki yawancin kundinsa 'Band on the Run' a situdiyon EMI da ke Apapa. Bai ji da daɗi ba: 'yan fashi sun tare shi da wuƙa suka ƙwace kasusuwan gwajinsa, Fela kuma ya fito fili ya zarge shi da zuwa satar kiɗan baƙar fata. Sai da McCartney ya kira shi ya kunna masa waƙoƙin ya ji da kunnensa, sannan ƙura ta lafa.

Sai dai kuma wanda ake zargi da ɗaukar kayan wani, shi ma nasa kayan sun riga sun suɓuce masa a gida. Nan ne gundarin labarin.

A watan Fabrairu na 1963, lokacin McCartney na ɗan shekara 20, Lennon na da 22, aka kafa kamfanin Northern Songs domin ya riƙe haƙƙin mallakar waƙoƙinsu. Ɗan kasuwar waƙa Dick James da abokin cinikinsa suka riƙe kusan rabi, su kuwa marubutan kowa ya tashi da kashi 20 cikin ɗari. Yara ne, ɗokin fitowa a faifai ya rufe masu ido, suka sa hannu. A 1969 James ya sayar da kasonsa ga kamfanin talbijin na ATV ba tare da ya shawarce su ba. Suka yi ta fafutikar sayen kamfanin, abin ya faskara.

A 1985 Michael Jackson ya sayi rumbun waƙoƙin ATV a kan dala miliyan 47.5, ciki har da waƙoƙin Beatles kusan 250. Wa ya koya masa cewa akwai kuɗi a sayen haƙƙin waƙa? McCartney ne da kansa, lokacin da suke aiki tare. A 2016 kamfanin Sony ya biya magadan Jackson dala miliyan 750 ya karɓe rabin da suke da shi a kamfanin haɗin gwiwarsu. Sai a 2017 McCartney ya shigar da ƙara a Amurka yana neman haƙƙinsa, aka sasanta a wajen kotu. Shekara 54 ke nan bayan sa hannun farko. Lennon bai ga wannan rana ba, domin an harbe shi a New York a watan Disamba na 1980. Su ma 'yan Rolling Stones haka ta faru da su, waƙoƙinsu na shekarun 1960 suka koma hannun tsohon manajansu Allen Klein. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma waƙoƙin ba su daina haihuwa ba. A 2023 aka tace muryar Lennon daga wani tsohon kaset da taimakon kwamfuta, aka fitar da 'Now and Then', ta hau matsayi na ɗaya a Ingila, ta kuma ci kyautar Grammy a 2025.

Yanzu mai karatu ya dubi gida. Yaro zai taso daga Gwaram, ya ratsa Birnin Kudu da Wudil, ya sauka a titin gidan Zoo a Kano. Zai biya kuɗin situdiyo daga guminsa, mai fiyano ya buga masa, furodusa ya ji ta yi masa daɗi, ya ce "nawa zan ba ka?" A yi ciniki a tsaye, babu takarda babu shaida. Gobe waƙar ta ɗaga fim, a ji ta a gidan biki da wayar kowa da YouTube, jarumin da ya hau ta ya yi suna, shi kuwa mai ita yana neman kuɗin motar komawa gida. Tun zamanin kaset ake wannan kuka a industiri, zuwan masu tura waƙa a waya ya ƙara dagula shi.

Alhali doka tana nan. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta tanadi cewa sayar da haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, kuma haƙƙin wanda ya tsara waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Ke nan waƙa gado ce kamar gona. Mawaƙi na iya ba furodusa izinin saka ta a fim ɗaya, na wani lokaci, ya riƙe sauran. Abin da ake buƙata shi ne a rubuta: wa ya tsara, wa ya rera, wa ya yi kiɗa, me aka sayar, me aka bari. Shi ma furodusan takardar kariya ce a gare shi ranar da rigima ta taso.

Idan samarin da duniya ta yi wa tafi sun shafe rabin ƙarni suna bin sawun abin da suka rubuta da hannunsu, ina ga wanda ya sayar da tasa a bakin situdiyo? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duwatsun Birnin Kudu har gobe suna amsawa in an buga, amma ba za su taɓa faɗin sunan wanda ya fara buga su ba.